Mai Karatu a Kujerar Alƙali: Martanin Masu Karatu ga Taurari da Zaren Labari a Littattafan Harry Potter



Abin da wannan maƙala ta nufa shi ne ta duba mas'ala guda daga cikin mas'alolin ƙagaggen labari, watau abin da ke gudana tsakanin marubuci da mai karatu idan labari ya yi tsawo har aka raba shi juzu'i-juzu'i, aka kuma shafe shekaru ana fitar da shi, ta yadda mutum zai gama juzu'i ɗaya ya rufe, sannan ya zauna shekara ɗaya, ko biyu, ko uku, yana dakon na gaba. Na zaɓi jerin littattafan Harry Potter na marubuciyar nan 'yar Birtaniya, J. K. Rowling, ba don sun ɗara sauran labaran almara da sihiri fasaha ba, domin manyan masu tarke irin su Harold Bloom a 2000 da A. S. Byatt a 2003 sun kushe su ƙwarai, sai dai don da wuya a sami wani jerin da martanin masu karatunsa ya adanu daki-daki, shekara bayan shekara, kamar yadda na wannan ya adanu. Da'awar da zan kare kuwa ita ce, mai karatun da aka sa ya yi dogon jira yakan tashi daga shimfiɗar masu sauraro ya hau kujerar alƙali, kuma abin da yake bin marubuci bashinsa shi ne adalci: yana iya yafe masa kisan tauraron da yake ƙauna, amma da wuya ya yafe masa hukuncin da ya saɓa wa shaidar da shi marubucin ya gabatar da alƙalaminsa.

Kamfanin Bloomsbury na Landan ne ya fitar da littafi na farko ranar 26 ga Yuni, 1997, kuma bugun farko na mai kaurin bango bai wuce kwafi 500 ba. Na biyu da na uku da na huɗu suka biyo baya a 1998 da 1999 da 2000, sannan aka yi tsit har shekara uku kafin na biyar ya fito a Yunin 2003, na shida a Yulin 2005, na bakwai kuma ranar 21 ga Yuli, 2007, wanda a Amurka kaɗai aka sayar da kwafi miliyan 8.3 nasa cikin sa'o'i 24 na farko. Wanda ya fara karatun yana ɗan shekara 11, daidai da shekarun Harry a farkon labari, ya ƙare shi yana ɗan 21, ke nan yaron da ya ɗora ƙaunarsa a kan wani tauraro ba shi ne balagaggen da ya karɓi hukuncin ƙarshe a kansa ba. Sirrin abin da ke cikin kowane sabon juzu'i kuwa ya zama dukiya abar gadi, har ta kai a Yulin 2005, da wani kanti a lardin British Columbia na Kanada ya yi kuskuren sayar da 'yan kwafi na littafi na shida kafin ranarsa, kotu ta ba da umarnin hana waɗanda suka saya karantawa ko faɗa wa wani abin da ke ciki.

Wannan ja-in-ja ta girmi Rowling nesa ba kusa ba. Lokacin da Samuel Richardson yake fitar da Clarissa kashi-kashi a 1747 da 1748, masu karatu, ciki har da Lady Bradshaigh, sun yi ta aika masa wasiƙu suna roƙon ya bar yarinyar ta rayu, ya kuwa ƙi. Arthur Conan Doyle kuma, da ya jefa Sherlock Holmes a magangarar ruwan Reichenbach a Disambar 1893, ya daure shekaru kafin ya sallama ya tashe shi a 1903. A ƙasashen Larabawa ma akwai hikayar da ake yawan bayarwa ta wani mai sauraron ƙissar Antar a gidan gahawa, wanda mai ba da labari ya tashi zama ya bar gwarzon a kurkuku, barci ya ƙaurace masa, sai da ya je cikin dare ya ƙwanƙwasa wa mai labarin ƙofa ya sa shi ya karanta har aka fito da Antar. Mu ma da muka tashi da Magana Jari Ce mun san yadda aku ya riƙe Musa da labarai dare bayan dare. Abin da ya bambanta zamanin Rowling shi ne masu jiran sun kai miliyoyi, suna jiran rana ɗaya da sa'a ɗaya, kuma intanet ta ba su zauren da za su haɗu su yi muƙabala.

Malaman jami'ar Konstanz ta Jamus, Wolfgang Iser da Hans Robert Jauss, sun daɗe da nuna cewa matani yakan bar guraben da mai karatu ke cikewa da tunaninsa, kuma kowa yakan shiga littafi ne da tsammanin da ya riga ya ƙulla. A littafi guda, gurbin ɗan ƙarami ne, shafi na gaba yakan toshe shi kafin tsammani ya yi jijiya. A jerin littattafai kuwa gurbin shekaru ne, kuma a cikinsu mai karatu yakan koma ya maimaita abin da ke hannunsa har ya haddace, ya yi masa sharhi, wani ya zo ya yi wa sharhin hashiya, a fitar da ƙa'idoji, a kafa mazhabobi, ta yadda in sabon juzu'i ya iso zai tarar da jama'ar da ta san nassin fiye da yadda mai shi ke tuna shi, ta kuma riga ta yanke abin da ya halatta ya faru da abin da bai halatta ba.

Mas'alar ajali

Mu fara da mutuwa, tun da ita ce ta fi jawo surutu. Daga littafi na huɗu, inda aka kashe ɗalibi Cedric Diggory, ya zama al'ada kowane juzu'i ya zo da gawa, har kamfanonin caca suka buɗe fagen yin fare a kan wanda ajali zai faɗa wa. A Mayun 2005 ma sai da aka dakatar da karɓar fare a kan Dumbledore, shugaban makarantar Hogwarts, saboda an lura kuɗi na ta kwararowa daga garin Bungay, inda maɗaba'ar da ke buga littafin take. A Agustan 2006, da aka yi wani taron karatu na sadaka a New York, manyan marubuta biyu, Stephen King da John Irving, suka bayyana cewa sun roƙi Rowling kada ta kashe Harry, ita kuwa ba ta yi musu alkawarin komai ba. Wanda ya tsaya a kan zahirin wannan zai zaci masu karatu mutuwa suke ƙi. To amma idan aka jera mace-macen aka dubi wanda aka karɓa da wanda aka yi ta ƙorafi a kansa, sai a ga ma'aunin daban ne.

Mutuwar Dobby, ɗan aljanin nan da ya fita daga bauta, ta sa mutane da yawa kuka, amma ba a cika jin mai cewa an zalunce shi ba, domin ya mutu yana ceton waɗanda yake ƙauna, a gaban idon mai karatu, kuma Harry ya ajiye sandar sihiri ya ɗauki shebur ya haƙa masa kabari da hannunsa, aka ba baƙin ciki haƙƙinsa na shafuka. Ta Sirius Black, aminin mahaifin Harry kuma wanda aka bar wa amanarsa, ta zo da gardama, saboda ya faɗa ne ta bayan wani labule ba gawa ba jana'iza, sannan daga baya Harry ya buɗe ƙunshin da Sirius ya ba shi tun bayan hutun Kirsimeti, ya tarar da madubin da zai iya magana da shi ta cikinsa, wanda da ya buɗe da wuri da babu abin da zai kai su tarkon da Sirius ya mutu a cikinsa. Wasu suka ce wannan ganganci ne na marubuciya, ni kuwa ina ganin nan ne ta fi kusa da gaskiyar rayuwa, domin da-na-sani irin wannan shi ne abincin mai makoki. Wadda ba ta da mai kare ta sosai ita ce mutuwar Remus Lupin da matarsa Tonks a yaƙin ƙarshe: malamin da aka ƙaunace shi tun littafi na uku, ba a nuna faɗuwarsa ba, sai dai Harry ya hango gawarwakinsu a jere cikin babban zaure, cikin 'yan kalmomi, alhali sun bar jariri ɗan makonni. Daga baya Rowling ta bayyana cewa Arthur Weasley, mahaifin Ron abokin Harry, shi ne ta yi niyyar kashewa a littafi na biyar ta kasa, sai ta ɗauki Lupin a madadinsa. Wannan iƙirari bai kwantar da ƙura ba, bal ma ya tabbatar wa masu ƙorafi zatonsu, cewa ajalin bai tsiro daga cikin labarin ba, an ranto shi ne daga wani lissafi na mai alƙalami. Daga 2015 zuwa 2018 kuwa sai ta ɗauki al'adar neman gafara a dandalin Twitter duk ranar 2 ga Mayu, ranar yaƙin a cikin labari: Fred Weasley, ɗan Arthur, a 2015, Lupin a 2016, Snape a 2017, Dobby a 2018. Ko da wasa ne, marubucin da ya nemi gafarar kisan wanda bai taɓa rayuwa ba ya amince ke nan akwai masu haƙƙin jini.

Shari'ar Severus Snape

Babu inda kujerar alƙalin ta fito fili kamar a kan Severus Snape, malamin haɗa magunguna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ga yadda abin ya auku a ƙarshen littafi na shida. Dumbledore ya dawo makaranta jikinsa ya yi la'asar saboda wata guba da ya sha a kogo, ya sauka a kan hasumiya tare da Harry, wanda ke lulluɓe da mayafin nan mai aikin layar zana. Da ya ji tafiya sai ya daskarar da Harry da sihiri don kada ya motsa, a wannan ɗan taƙin kuwa ɗalibi Draco Malfoy, wanda aka ɗora wa aikin kashe shi, ya fizge masa sanda. Yaron ya tsaya da sanda a hannu yana rawar jiki ya kasa kisa, har Snape ya iso, tsohon ya ambaci sunansa da murya irin ta mai roƙo, Snape ya dube shi da fuska mai cike da ƙyama, ya kashe shi nan take. Shaida ɗaya ce daga ɓangaren Dumbledore a wurin, Harry, kuma da idonsa mai karatu ya gani.

Shekara biyu cur masu karatu suka yi suna shari'ar wannan shafi, kuma irin hujjojin da suka kafa ba su gaza na ɗaliban usulu ba. Masu tuhuma suka ce gani ya kori ji, ga kuma rantsuwar da Snape ya yi wa mahaifiyar Draco a babi na biyu, irin wadda mai saɓa ta mutuwa yake yi, cewa zai cika aikin in yaron ya kasa. Masu kariya suka ce a duba roƙon, domin mutumin da ya sha faɗin cewa mutuwa ba abar tsoro ba ce ba zai roƙi ransa ba, sai dai ya roƙi a cika wani alkawari. Suka kawo riwayar Hagrid mai gadi, wanda ya taɓa jin su biyun suna sa-in-sa a bakin daji, Snape na cewa ya gaji da wani aiki, Dumbledore na cewa ai ya riga ya amsa. Suka nuna hannun tsohon da ya ƙone ya yi baƙi tun farkon littafi, alamar da ma kwanansa ya ƙare. Suka kuma lura cewa da Harry ya bi Snape yana jifansa da sihiri, karewa kawai ya yi ta yi, har ya hana wani azabtar da yaron, kuma bai fusata ba sai da aka kira shi matsoraci. Wata ƙungiya ta uku ta ce ma Dumbledore bai mutu ba, sai da Rowling ta rushe wannan mazhaba da bakinta a taron New York da na ambata. Kasuwa ma ta shigo, domin a 2007 kantunan littattafai na Borders a Amurka sun raba wa masu saye takardun mannawa iri biyu, ɗaya ta masu amincewa da Snape, ɗaya ta masu la'antarsa, kowa ya zaɓi tasa.

Da littafi na bakwai ya fito, babi na 33 ya ba masu kariya gaskiya: kisan da umarnin Dumbledore aka yi shi, kuma Snape ya shafe shekaru yana leƙen asiri a fadar Voldemort, azzalumin matsafin da ya kashe iyayen Harry, saboda son da yake yi wa Lily, mahaifiyar Harry, tun suna yara. Wannan hukunci an karɓe shi hannu bibbiyu, har daga waɗanda suka faɗi, saboda duk wanda ya koma baya zai tarar da shaidun a shimfiɗe tun littafi na farko. Rigimar da ta ƙi mutuwa ta taso ne daga babin rufewa, bayan shekara 19, inda aka ga Harry ya raɗa wa ɗansa na biyu suna Albus Severus, yana kuma yabon jaruntakar mai sunan. A nan ne masu karatu da yawa suka ce an wanke shi daga laifin da ba shi ne kaɗai laifinsa ba. Suka tuna cewa shi ne ya kai wa Voldemort maganar mai duban da ta jawo kisan iyayen Harry, kuma da ya gane abin da ya jawo, uwar kaɗai ya nema wa ceto, bai damu da miji da jariri ba. Shi ne ya yi barazanar ɗura wa kwaɗon Neville Longbottom maganin da yaron ya haɗa ba daidai ba, har ya zama abin da wannan maraya-da-iyaye-a-raye ya fi tsoro a duniya. Shi ne ya dubi Hermione, ƙawar Harry, haƙoranta sun zazzago saboda sihiri ya ce bai ga wani bambanci ba. Shi ne kuma ya tona asirin Lupin na rikiɗa kyarkeci har ya rasa aikinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da leƙen asiri ya wajabta.

Tambayar da suke yi, ko da ba da wannan lafazi ba, tsohuwar tambaya ce ta malaman tauhidi da fiƙihu: shin kyakkyawan aiki babba yana kankare haƙƙin bayi, kuma shin tubar da aka gina a kan son mutum ɗaya, ba a kan ƙin zalunci ba, tuba ce? A ganina Rowling ta yi nasara wajen ƙera mutumin, ta kuma yi tuntuɓe wajen yanke masa hukunci, domin Harry na da ikon yafe nasa haƙƙin, amma da aka sa yafewar a shafin ƙarshe, inda babu mai sake magana, sai ta zama tamkar fatawar littafin gaba ɗaya, Neville kuwa ba a tambaye shi ba. Ita Rowling kanta a Nuwambar 2015 ta fito ta ce Snape ba waliyyi ba ne ba kuma shaiɗan ba ne. Kada kuma a manta da tasirin fim, wanda ya fara fita a 2001 lokacin da jerin ya ɗan wuce rabi kawai: Alan Rickman, mai shekara 55 a lokacin, ya ba Snape wata haiba da nutsuwar murya, alhali na cikin littafi ɗan shekara 31 ne mai tsawa da tofar da yawu in ya hasala, saboda haka sau da yawa masu gardamar ba mutum ɗaya suke yi wa shari'a ba.

Wannan ma'auni shi ne ke fassara abin da kan ba mutane mamaki, watau yadda aka tsani Dolores Umbridge fiye da Voldemort. Shi dodo ne na almara, ba wanda ya taɓa haɗuwa da irinsa. Ita kuwa ma'aikaciyar hukuma ce mai rigar sanyi ruwan hoda da faranta masu hoton 'yan kyanwa a bangon ofis, wadda za ta zaunar da yaro ta miƙa masa alƙalamin da ke rubutu da jininsa yana tsaga bayan hannunsa, tana murmushi, tana kuma da takardar doka a kan kowane zalunci. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma kowane ɗalibi ya taɓa tsayawa gaban tebur irin nata. Draco Malfoy kuma akasin haka ya samu, 'yan mata da yawa suka ƙaunace shi har Rowling ta rubuta a Disambar 2014 cewa abin yana tayar mata da hankali.

Aure, da ƙa'idar sihiri

Gardamar wa zai auri wa ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake ita ce ta fi zafi a shekarun jira. Mazhaba ɗaya ta ce Hermione ta Ron ce, ɗaya ta ce ta Harry ce, kowace da ayoyinta daga matani. Littafi na shida ya raba gardama, ya ba mazhabar farko gaskiya, kuma a wata hira da aka yi da Rowling a Yulin 2005 ta ce alamun da ta jefa ai sun kai uwar maƙera nauyi, wanda ya yi hirar kuma ya kira waɗanda suka faɗi masu ruɗu, abin da ya ƙona musu rai shekaru. Sai ga shi a Fabrairun 2014, cikin hirarta da Emma Watson, wadda ta fito a matsayin Hermione a fim, a mujallar Wonderland, ta ce ta haɗa Ron da Hermione ne don wani buri na ranta da kuma riƙo da tsarin da ta fara zanawa, ba don adabi ya hukunta haka ba. Waɗanda aka kira masu ruɗu suka ce ashe karatunsu na da tushe, waɗanda suka yi nasara kuwa suka ce bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Labarin sihiri ya fi kowane iri buƙatar ƙa'ida, domin inda komai zai iya faruwa babu abin da zai ba da tsoro, kuma mai karatu yakan riƙe dokokin duniyar da aka gina masa da tsanani fiye da yadda yake riƙe na tasa. A littafi na uku an ba Hermione wani ɗan agogon yashi mai mai da lokaci baya, don kawai ta halarci darussa da yawa, aka kuma ceci rai biyu da shi. Nan da nan aka fara tambaya, me ya hana a ceci Cedric da shi, ko iyayen Harry? Marubuciyar ta ga ramin da ta haƙa wa kanta, sai ta sa aka farfasa dukan agogunan a faɗan Ma'aikatar Sihiri a littafi na biyar. Haka kuma nasarar ƙarshe ta rataya ne a kan wata doka ta biyayyar sanda, cewa babbar sandar Dumbledore ta koma ga Draco da ya fizge ta, sannan ta koma ga Harry da ya ƙwace wata sandar daban daga hannun Draco a wani gida mai nisa. Dabara ce mai kyau, amma da yake ba a shimfiɗa dokar sosai ba sai a juzu'in ƙarshe, da yawa sun ji kamar an sauya sharaɗin ciniki bayan an sallama. Akwai kuma waɗanda har yau ba su yafe yadda aka fitar da ɗaliban gidan Slytherin, ɗaya daga cikin gidajen makarantar, gaba ɗaya kafin yaƙi ba, saboda yarinya guda ta ce a miƙa Harry, alhali littattafan sun shekara goma suna wa'azin cewa zaɓin mutum ne ke nuna shi, ga shi kuma an yi wa rubu'in makaranta hukunci da rabon da wata hular sihiri ta yi musu suna 'yan shekara 11.

Bayan an rufe littafi

Roland Barthes ya yi shelar mutuwar marubuci a ƙarshen shekarun 1960, yana nufin ma'anar matani ba ta hannun mai shi. Rowling marubuciya ce da ta ƙi mutuwa irin wannan, ta ci gaba da ƙara bayani a hira da rubuce-rubuce, har masu karatu suka rarraba maganganunta daraja-daraja, littattafai bakwai a sama, hirarraki a ƙasa, kowa da inda yake tsayar da abin da ya yarda hujja ne. Jarrabawa mafi girma ta zo a Yulin 2016 da wasan kwaikwayon Harry Potter and the Cursed Child, wanda Jack Thorne ya rubuta bisa labarin da suka tsara da Rowling da John Tiffany, aka buɗe shi a Landan aka kuma buga shi littafi. Masu kallo sun yaba, ya ci kyaututtuka, Rowling kuma ta ce a ɗauke shi cigaban labari na haƙiƙa. Amma masu karatu da dama suka ƙi, kuma da nassinta suka yi mata raddi: wasan ya dawo da agogon lokaci, ya kuma sa shi yana sauya tarihi, alhali a littafi na uku abin da ya faru ya riga ya faru, ya ba Voldemort 'ya, ya kuma nuna cewa Cedric, wanda aka san shi da gaskiya da kunya, zai iya zama mabiyin azzalumi don kawai an kunyata shi a gasa. Wannan na ƙarshe ya fi ciwo, domin ƙazafi ne ga mamaci wanda littafi na huɗu ya riga ya yi wa shaidar kirki.

Ba duk hukuncin wannan kotu ne ke bisa hujja ba, kuma wajibi ne mai nazari ya rarrabe. Da aka sanar a Disambar 2015 cewa Noma Dumezweni, baƙar fata haifaffiyar Swaziland, ita ce za ta fito a matsayin Hermione, masu adawa sun yi ta laluben matani ba su sami nassi yankakke da ya sa launin fata cikin sharuɗɗan tauraruwar ba. Abin da suke karewa fuskar Emma Watson ce. An sake buɗe irin wannan shari'a a Afrilun 2025, da aka bayyana cewa Paapa Essiedu, ɗan Birtaniya mai tushe a Ghana, shi ne zai zama Snape a sabon shirin talabijin na HBO. Sai dai wannan karon, ban da masu ƙin launi, an sami wasu da suka kawo hujja daga cikin labarin: akwai wurin da James, mahaifin Harry, ɗan masu dukiya, ya rataye Snape ƙafa sama kai ƙasa a gaban ɗalibai suna dariya, akwai kuma shekaru shida da Harry ya yi yana zarginsa da kowane laifi tun ganin farko, kuma suna ganin idan wanda aka rataye baƙi ne, masu rataya farare, to nauyin laifi zai koma inda littafin bai ajiye shi ba.